Reginald Moreau, Akawun Da Ya Bi Sawun Tsuntsaye Masu Cin Rani

Kowane manomi a ƙasar Hausa ya san shamuwa, ya kuma san cewa idan ta sauka a kan tsamiyar bakin gari, to damina ta ƙarato, sai a shiga sharar gona. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, a daidai lokacin da shamuwa take haramar komawa kudu, watau wajen Satumba da Oktoba, akwai waɗansu baƙi da suke isowa daga arewa, waɗanda yawansu ya ninka nata sau dubbai. Ƙananan tsuntsaye ne, da yawa cikinsu ba su kai rabin nauyin ƙwan kaza ba. Sun taso daga Ingila da Jamus da Rasha, har da Saibiriya, sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara domin su ci rani a ƙasashen nan namu. Mutumin da ya zauna ya yi lissafin waɗannan baƙi, ya kuma tambayi yadda suke ƙetare hamada da abin da suke ci in sun iso, shi ne Reginald Ernest Moreau, wani Baturen Ingila wanda bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba, wanda ya shafe shekara 32 yana aikin gwamnati, galibinsu a kan teburin lissafin kuɗi.

An haife shi ran 29 ga Mayu, 1897, a Kingston, wani gari a bakin kogin Thames kusa da Landan. Sunan nasa, wanda ake faɗinsa Moro, na Faransawa ne, domin daga can wani kakansa ya yiwo ƙaura. Ya yi makarantar sakandare a garinsu, sa'an nan a 1914, yana ɗan shekara 17, ya ɗauki jarrabawar shiga aikin gwamnati. Da ƙyar ya tsallake, yana cikin na ƙarshe-ƙarshe, ga kuma raunin ido da ya kusa sa a ƙi shi. Aka tura shi ofishin odita na soja. Aikin nan kuwa, kamar yadda duk wanda ya taɓa zama a baitulmali ya sani, bin takardun biya ne ɗaya bayan ɗaya, da tara lambobi, da ƙin yarda da kowace jimla sai an ga inda ta fito. Bayan Yaƙin Duniya na Farko ciwon gaɓɓai ya kama shi, likita ya ba shi shawara ya sake wurin zama. Ya nemi canji, aka mai da shi Alƙahira a 1920.

Masar tana kan ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da tsuntsaye suke bi tsakanin Turai da Afirka. Da kaka tsuntsun nan da Larabawa suke kira salwa yakan faɗo gaɓar teku a gajiye bayan ya ƙetaro Bahar Rum, mutane su yi ta kamunsa da raga, kamar yadda suke yi tun zamanin Fir'auna. A nan Moreau ya haɗu da mutum biyu da suka sake masa alƙibla. Na farko shi ne Michael Nicoll, ma'aikacin gidan namun daji na Giza, wanda ya san tsuntsayen Masar ƙwarai. Na biyu shi ne C. B. Williams, masanin ƙwari, mai binciken ƙaurar malam-buɗe-littafi. Williams ne ya riƙa jansa zuwa cikin hamada a ranakun hutu, ya kuma nuna masa cewa kallon tsuntsu ba ya zama ilmi sai an rubuta rana da wuri da adadi. Wannan bai yi wa akawun odita wuya ba ko kaɗan. Kafin ya bar Masar ya riga ya fara aika abin da ya gani a dausayoyin hamada zuwa Ibis, mujallar ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Biritaniya. A 1924 ya auri Winifred, wadda ita ma mai sha'awar tsuntsaye da tsirrai ce, suka kuma rubuta maƙalu da dama tare.

Sa'ad da aka mai da Williams tashar binciken aikin gona ta Amani a Tanganyika, wadda yau take cikin Tanzaniya, sai ya nema wa abokinsa gurbi a can. Moreau ya isa a 1928, aka ba shi kula da lissafin kuɗin tashar da takardunta, daga baya har da ɗakin karatu. Jamusawa ne suka kafa Amani a 1902 a kan duwatsun Usambara, cikin kurmi mai duhu da yawan ruwan sama, kuma sun bar littattafai masu yawa a wurin. Shekara 18 ya yi a wannan kurmi. Da rana yana ofis, da sassafe da maraice yana daji, da dare kuma yana karatu ko rubutu, har da ƙagaggun labarai da ya riƙa bugawa da sunan aro, E. R. Morrough.

Da yake aikin ofis ba zai bar shi ya wuni gindin itace ba, sai ya koya wa waɗansu 'yan ƙasa da suka iya rubutu su zauna kusa da sheƙa, da agogo da littafi a hannu, su rubuta duk lokacin da uwa ko uba ya kawo wa 'ya'ya abinci, tun daga ketowar alfijir har faɗuwar rana. Da haka ya tara bayanin sa'o'i dubbai a kan tsattsewa da waɗansu tsuntsayen. Ba a cika ambaton waɗannan mutane ba in ana ba da tarihin ilmin nan, alhali kuwa idanunsu ne suka ga abin da aka rubuta. Daga littattafan nasu ya gano cewa in 'ya'ya suka yi yawa a sheƙa iyaye sukan ƙara zirga-zirga, amma ƙarin ba ya kai yawan bakunan, saboda haka rabon kowane ɗa yakan ragu.

A 1944 ya buga wata doguwar maƙala a Ibis a kan yawan ƙwan da tsuntsu yake sakawa. Ya tattara adadin ƙwai daga sheƙuna masu ɗimbin yawa, ya jera su bisa ga wurin da aka same su, sai ga wani abu ya fito fili: ƙaramin tsuntsun da yake zaune a ƙasashe masu zafi na tsakiyar Afirka yakan saka ƙwai biyu ko uku, ɗan'uwansa na Turai kuwa yakan saka biyar ko shida. Mafarauta da matafiya sun daɗe suna faɗin haka, amma Moreau ne ya kafa shi da lambobi. David Lack, wanda ya taɓa ziyartarsa a Amani a 1934, ya ɗauki maganar ya gina a kanta a 1947, ya ce iyaye suna saka ƙwai ne gwargwadon 'ya'yan da za su iya ciyarwa, kuma tun da yake yini yana da tsawo a Turai lokacin sheƙa, sun fi samun sa'o'in neman abinci. Wani masanin, Alexander Skutch, wanda ya zauna a Amurka ta Tsakiya, ya ƙi wannan, ya ce yawan macizai da sauran masu fasa sheƙa ne ya sa tsuntsun ƙasa mai zafi yake taƙaita ƙwai, domin yawan shiga da fita yana tona asirin sheƙa. Philip Ashmole kuma ya danganta abin ga bambancin abinci tsakanin lokacin yalwa da lokacin ƙunci. Wannan gardama ita ce ta haifi wani babban reshe na ilmin halittu, wanda yake binciken yadda kowace halitta take raba ƙarfinta tsakanin haihuwa da tsawon rai, kuma har yanzu ɗaliban fannin suna farawa ne da tambayar da akawun Amani ya jefa.

Ya bar aikin gwamnati a 1946 ya koma Ingila, Lack ya karɓe shi a cibiyar binciken tsuntsaye ta Edward Grey a Jami'ar Oxford. Daga 1947 zuwa 1960 shi ne editan Ibis, kuma ya yi suna wajen tsanani: yakan mai da wa manyan farfesoshi takardunsu cike da gyara, ya soke duk kalmar da ba ta ɗauke da kaya, ya tambayi tushen kowace lamba. Jami'ar ta ba shi digirin girmamawa, ya kuma shugabanci ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Biritaniya daga 1960 zuwa 1965. A 1966 ya fid da babban littafi a kan tsuntsayen Afirka da tsibiranta, inda ya nuna yadda faɗaɗa da tsukewar kurmi da hamada cikin dubban shekaru suka raba tsuntsaye zuwa iri-iri.

Amma abin da ya fi cin ransa shi ne tambayar da ya taso da ita tun daga hamadar Masar. A zamanin nan Turawa sun san tsuntsayensu sarai a watannin da suke sheƙa a gonakinsu, amma da zarar sun tashi sun nufi kudu sai labari ya yanke, kamar ɗan cin ranin da ba ya aiko da saƙo gida. A wata maƙala ta 1952, da wata ta 1961, Moreau ya auna tafiyar kamar mai duba kasafin kuɗi. Faɗin Sahara ya kai kilomita 1,500 zuwa 2,000, babu ruwa, babu inuwa, babu abinci sai a 'yan dausayoyi, waɗanda kuma tsuntsayen da ake gani a cikinsu ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da waɗanda suka taso. Sai ya yanke cewa lalle yawancinsu suna ƙetarewa ne a tashi ɗaya, sa'a 40 zuwa 60 ba sauka, kuma ba abin da zai ɗauke su wannan tafiya sai kitsen da suka tara kafin su tashi.

A nan ne Nijeriya ta shigo cikin labarin, domin nan ne tsuntsaye da yawa suke ɗaukar guzurin komawa gida. A 1963 Peter Ward ya ba da rahoton kitsen da ya auna a jikin tsuntsayen da suke shirin ƙetare Sahara daga Nijeriya, a 1966 kuma V. W. Smith ya buga awon nauyin da ya yi a Vom ta ƙasar Jos. A bazarar 1967 ƙungiyar masanan tsuntsaye ta Biritaniya ta aiko da ayari zuwa Malamfatori a gaɓar Tafkin Chadi, cikinsu har da Hilary Fry wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Suka kafa raga, suka kama tsuntsaye masu yawa, suka auna su, suka sa musu zobe a ƙafa suka sake su. Suka tarar suna ƙiba cikin 'yan makonni, waɗansu da cin ƙananan ƙwarin da suke tasowa daga tafkin kamar hayaƙi, waɗansu da 'ya'yan itacen asuwaki. Guzurin da Moreau ya ce dole a same shi, an same shi.

Ya kuma yi ƙoƙarin ƙidaya matafiyan baki ɗaya. Ba shi da hanyar tsayawa a bakin hamada ya lissafa su, don haka ya bi ta baya, yadda odita yake yi in rasit ya ɓata: ya ɗauki faɗin ƙasar da suke sheƙa a Turai da Asiya, ya ƙiyasta yawan da kowane yanki yake ɗauka, ya haɗa da 'ya'yan shekara. Jimlar da ya samu ita ce tsuntsu wajen miliyan 5,000 suna nufo Afirka kudu da Sahara kowace kaka.

Wannan jimla ta jawo wata matsalar da ta fi ta wuya, wadda masana suke kira ɗaurin gwarmai na Moreau har gobe. Da yawa daga cikin baƙin nan ba sa wucewa zuwa kurmin kudu inda ake ganin ganye shar duk shekara. A Sahel suke tsayawa, daga Sanagal zuwa Sudan, ta kan Nijar da arewacin Nijeriya. Suna isowa damina tana ɗaukewa, su zauna ciyawa tana bushewa, tabkuna suna ƙafewa, hunturu ya zo ya wuce, sa'an nan a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ƙasa ta fi kowane lokaci tsiya, a lokacin ne za su tara kitsen ƙetare hamada. Ɗan Adam mai cin rani barin karkara yake yi in rani ya yi, su kuwa nan suke dosowa. Me suke ci? Moreau ya ba da rabin amsa, ya nuna cewa waɗansu ba wuri ɗaya suke zama ba, sukan yi zango a Sahel wata ɗaya ko biyu, sa'an nan su gangara kudu bin sawun ruwa. Sauran amsar ya bar wa na baya.

Yana fama da rashin lafiya ya rubuta littafinsa na ƙarshe a kan wannan ƙaura, ya kuma kai shi gaɓar ƙarewa kafin ajali ya cim masa ran 30 ga Mayu, 1970, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 73. Abokinsa James Monk ne ya kula da shi har aka buga a 1972.

Tun kafin littafin ya fito, abin da yake faɗi ya riga ya nuna kansa a gonakin Ingila. Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da yake cika shingayen gonakin ƙasar kowace bazara. A 1969 masu ƙidaya suka tarar fiye da kashi biyu cikin uku ba su komo ba. Aka zargi maganin ƙwari, aka zargi cuta, aka zargi guguwa a hanya. Sai a 1974 masana uku, Winstanley da Spencer da Williamson, suka gwada lissafin tsuntsun da lissafin ruwan sama na Afirka ta Yamma, suka ga cewa ƙarancin ruwan 1968 a Sahel ne ya kashe su. Watau farin nan da ya ci gaba har ya karkashe shanu ya kori mutane daga gidajensu a 1973, tsuntsu ya riga ya kai labarinsa Turai shekara huɗu kafin duniya ta farga. Daga baya aka sami irin wannan dangantaka ga wata tsattsewa mai haƙa rami a gaɓar kogi, da farin shamuwar Turai. Tafkin Chadi kansa ya ja da baya a shekarun farin, ruwa ya bar gaɓar Malamfatori inda aka kafa ragar 1967.

Daga nan masu kare tsuntsaye a Turai suka gane cewa kome suka kashe a gida, aikin banza ne in mazaunin rani ya lalace. A 1979 aka ƙulla yarjejeniyar Bonn ta kare dabbobi masu ƙaura, a 1995 kuma aka yi wata musamman domin tsuntsayen ruwa na Afirka da Turai da Asiya. A fadamar Haɗeja da Nguru, inda agwagin Turai suke sauka dubu-dubu, an soma aikin kiyayewa a 1987, bayan madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, ta rage ambaliyar da take shayar da fadamar. Manoman shinkafa da masunta da makiyayan wurin su ma da wannan ambaliya suke rayuwa, don haka maganar tsuntsu da ta mutum ba su rabu ba. A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, shi ne na farko a Nijeriya. Tun farkon ƙarnin nan kuma cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda take haɗe da Jami'ar Jos, take horar da 'yan Afirka su yi wannan bincike da kansu.

Ba duk lissafin Moreau ne ya tsira daga binciken na baya ba, kuma mutumin da ya yi shekara 13 yana soke maganar da ba ta da hujja ba zai ƙi a duba nasa ba. Masanan Suwizalan da suka kafa na'urar rada a hamadar Muritaniya sun nuna a 2007 cewa yawancin ƙananan tsuntsayen da dare suke tafiya, da rana su sauka su laɓe a inuwar dutse ko ɗan tsiro, ba ci ba sha, har rana ta faɗi. Aka ɗauka maganar tashi ɗaya ta mutu. Sai ga shi a 2016 waɗansu masanan Holan sun ɗaura wa wani ɗan tsuntsu mai kama ƙuda na'ura mai rubuta hasken rana, suka tarar shi kam yana yin sa'a 40 zuwa 60 a sama ba sauka, daidai adadin da aka rubuta a 1961. Wata ƙidaya ta 2009 ta sami tsuntsu miliyan 2,100, amma ta taƙaita ne ga ƙananan tsuntsayen da suke tasowa daga Turai kaɗai, ta Moreau kuwa ta haɗa da Asiya.

Ɗaurin gwarman ma an kwance babban sashensa. Leo Zwarts da abokan aikinsa na Holan sun shafe shekaru suna bin Sahel itace bayan itace, suna ƙidaya tsuntsayen da ke kan kowanne, suka buga sakamakon a 2015. Suka tarar baƙin nan suna da zaɓe ƙwarai. Ba su damu da kaɗanya ba, ba su kula darbejiya da turare, waɗanda aka fi dasawa da sunan yaƙi da hamada. Itatuwan ƙaya suke bi, da aduwa, da asuwaki, da gawo. Bayanin da aka bayar shi ne, itacen da yake kare kansa daga raƙumi da akuya da ƙaya bai cika zuba ɗaci a ganyensa ba, saboda haka ƙwari suke samun abin ci a kansa, tsuntsu kuma ya sami ƙwari. Gawo kuwa, kamar yadda kowane yaro a karkara ya sani, da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi shar ya fid da fure, watau a daidai watannin da baƙin suke nan. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka koma barin tohon gawo a gonakinsu tun daga shekarun 1980 domin taki da abincin dabbobi, sun tanadar wa tsuntsayen Turai masauki ba tare da wani ya roƙe su ba.

Tsuntsaye da dama suna ɗauke da sunan gidan Moreau. Akwai wani da ya samu a duwatsun Uluguru ya raɗa masa sunan matarsa Winifred a 1938. Akwai kuma wani ɗan ƙarami mai dogon baki da ya gano a kurmin Amani, wanda masani W. L. Sclater ya sa wa sunan Moreau a 1931. Saran kurmi domin katako da gonakin shayi ya ci mazauninsa ƙwarai, har ya shiga jerin tsuntsayen da suka fi kusa da ƙarewa a duniya. Gwamnatin Tanzaniya ta mai da kurmin Amani gandun da aka hana sara a 1997, kuma a can ne, da 'yan kurmin da ke kewaye da shi, ragowar tsuntsun na Tanzaniya suke.